Bidon Ruwan Dakoro da Tukunyar Awara Biyu

Liman na sallame sallar asuba muka kama hanyar tasha, ni da matar ƙanena. Ita tana ɗauke da bokitin waken suya da na jiƙa tun jiya, ni kuma ina bin bayan mai baro da ya ɗauko mini bidon ruwa, irin rawayan nan na mai. Ku da kuka yi ta aiko tambaya ina na shiga har rumfata ta kwana biyu ba wuta, to ga labarin. Ni ke faɗi, matar ɗana ke rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana.

Ga wanda bai san ni ba, awara nake soyawa a bakin kasuwar Dakoro tun waken suya yana baƙo a ƙasar nan. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Abin da ya fitar da ni daga gida ɗiyata ce ta fari. Kun san ɗiyar fari ba a kiran sunanta, ba a kuma yabonta, don haka zan ce mata Madam kamar yadda 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ke ce mata, ya fi mini sauƙi. Tana koyarwa a kolej ɗin wani gari da ke gaba da Mai Yara. Darasinta shi ne sanin yadda abu ke sauyawa in an gama shi da wani abu, suna kiran shi shimi. A can babu ɗakin gwaji, babu kwalabe, sai allo da alli. Shi ya sa take koya wa yaran da kayan madafa: kanwa, tsamiya, zoɓo, toka, gishiri.

Ta kira ni a waya ta ce ga halin da ake ciki. Matan garin suna yin awarar sayarwa ranar kasuwa, amma tun bara ta daina haɗuwa. Su zuba ruwan tsami, madarar ta tsaya fara tana kallonsu. In sun ƙara da ka, ta fito kaɗan, ga tsami, ga wargajewa a mai. A barar ne kuma wani mutum ya taso da iyalinsa daga wajen Tagriss ya zauna a garin. Sai mata suka haɗa biyun, suka ce matarsa kambun baka gare ta, duk tukunyar da ta leƙa ko ta yi magana a kanta ta lalace. Ɗiyar matar, Habsatu, tana ajin Madam. Uban ya gaji da gori, ya ce da an gama shigar da hatsi zai mayar da uwa da ɗiya arewa wurin danginsu, inda babu kolej kusa. Karatun yarinya ya ƙare ke nan.

Madam ta ce ita ruwa take zargi, domin a barar ce aka buɗe sabon foraj, wato rijiyar burtsatse, kowa ya bar tsohuwar rijiya. Ta gaya musu, sun ce yarinyar da ba ta taɓa sayar da awarar dala ba me ta sani. Amma sunana sun san shi, masu zuwa kasuwarmu sun kai musu. Ta ce in zo da wakena, da tsamina, da ruwan da nake aiki da shi a gida, a yi a gaban kowa. Na ce mata zan duba. Ba na amsa mata da sauri, kada ta saba.

Motar irin mai buɗaɗɗen baya ce, buhuna a ƙasa, mutane a bisa. Saboda shekaruna aka ba ni gaba. Direba ya so a ɗaure bidon a baya tare da awaki, na ce tsakanin ƙafafuna zai zauna. Kuɗin mota ya hau tun rabona da tafiya, har bidon sai da aka yanka masa nasa kuɗin kamar mai rai.

Daga Dakoro zuwa Birnin Lalle hanya ba ta da laifi. Kaka ce sosai: an yanke hatsi, dammuna jingine a gonaki, ana yi wa rumbuna sabuwar jinka, gyaɗa a shanye ganyenta a sama. Yakuwa ta nuna ja a iyakokin gonaki, mata na tsinka. Garken shanu da raƙuma sun fara gangarowa daga arewa, suna tsaye a burtali suna jiran a saki gonaki, masu gona kuma suna tsaye suna kallonsu. Kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke tunani, ba wanda ya faɗa.

A wani shinge jandarma ya leƙo ta taga, ya ga bido, ya ɗauka man fetur ne. Ya buɗe, ya shinshina, ya sake shinshinawa.

"Inna, ruwa ne wannan?"

"Ruwa ne, ɗana."

"Inda za ki ba su da ruwa?"

"Suna da shi. Nawa nake so."

Ya rufe mini da kyau, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Na bayan mota suka samu abin dariya, wani ya ce a yi hankali, zamzam ɗin Dakoro ne a gaba.

Mun tsaya wata ƙaramar kasuwa aka sauke buhuna. Tiyar hatsi ta yi sauƙi kamar kowace kaka, waken suya kuwa yana nan da tsadarsa, tunda sai 'yan kasuwar Maraɗi sun hauro da shi daga Najeriya. Matar ƙanena ta sayo mana cuku da fura mai nono. Ni kuma na sayi awara ɗaya wurin wata yarinyar mata, ba don yunwa ba, don in ji hannun mutane. Da alif ta haɗa ta, tana ƙara a haƙori. Na cinye na wuce, kasuwarta ce.

Bayan nan muka sauka daga gudron, wato kwalta, muka shiga rairayi. Rana ta take. Motar ta fara nishi, ta yi tari, sai tururi ya turnuƙe gabanta. Direba ya sauka ya buɗe, ya duba galan ɗinsa ya tarar murfin ya kwance, ruwan ya tsiyaye a hanya. Ya zagayo ta wajena yana murmushi, na san abin da ya kawo shi.

"Inna, a taimaka da ruwan nan. In mun isa na cika miki shi har baki."

"Da wane ruwa za ka cika shi?"

"Haba Inna, ruwa ai ruwa ne."

"To tunda ruwa ruwa ne, ga shanu can suna jan guga, ka tafi ka ɗebo."

Aka yi ta ba ni baki, maza da mata, har matar ƙanena. Na sauko da bidona gindin wata aduwa na zauna bisa kansa. Da suka ga haka, direba da wasu maza suka ɗauki galan suka nufi rijiyar makiyaya, ga ta kamar kusa, amma da nisa. Suna can, wata mai goyo da ke zaune kusa da ni ta fara lumshe ido, leɓenta ya bushe, jaririn yana jan nono ba ya samun komai. Na buɗe bidon na ba ta. Kun san yadda abin yake, in murfi ya buɗu a tsakar rana ba ya komawa da wuri. Wani tsoho ya miƙo moɗa, wata ta miƙo kwano. Mota na hana, mutum ban iya hanawa ba. Kafin maza su dawo ruwan ya sauka ƙasa da rabi.

Da la'asar muka shiga garin. Madam ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, na tambaye ta gajiyar aiki. Ta ɗaga bidon ta ji nauyinsa, ta ce zai kai ƙaramar tukunya ɗaya, sau ɗaya, in ta ɓaci babu na sakewa.

Garin tsaf yake, gidajen ƙasa da danga, ga foraj ɗin a tsakiya da tankinsa a sama da faifan hasken rana. Ruwan garau, ba ƙura ba tsutsa. Da na yi alwala na ji shi da santsi a hannu, kamar sabulu bai fita ba. Waken da aka dafa mana da maraice ya yi lugub, aka ce ko kanwa ba a sa ba, matan garin ma suna yabon ruwan saboda haka. Na ji duk wannan, amma ban haɗa shi da komai ba.

A bakin fanfon na ga uwar Habsatu. Doguwa ce siririya, tana tsaye can gefe da tulunta tana jiran kowa ya gama. Da ta gitta, wata ta ja faifai ta rufe ƙwaryarta, a gabanta, ba ɓoyo. An ce mini ba mai zuwa gidanta ɗiban wuta, ba mai aron turminta. Ni kuwa gaskiya zan faɗa muku, na san akwai baki, na ga abubuwa a rayuwata. Da Madam ta ce Habsatu ce za ta zuba tsami a tukunyata, uwarta kuma ta tsaya a kai tana kallo, sai na ji abin bai kwanta mini ba. In ta ƙi haɗuwa, an tabbatar wa matar nan laifi har abada, an kwashe yarinya, sunana kuma ya zube a garin mutane. Da wannan tunanin na kwana.

Da hantsi aka taru ƙarƙashin dogon yaro a filin kolej. Azuzuwan wasu na siminti, wasu na zana. Yara sun jeru, direktan lakwal ya sa kujera, matan gari sun zo da yawa, a gabansu babbarsu wadda suke kira Tambara, mace mai jiki da murya. Uwar Habsatu ta zauna a ƙarshen tabarma, aka bar mata fili kamar mai ƙyanda.

Kafin a taɓa komai Madam ta sa yara suka faɗi dokokinsu da baki ɗaya, kamar masu karatun allo. A wanke hannu. Ba a ɗanɗana abu sai ta ce. 'Yan mata su cusa hijabi cikin riga. Ba a kawo sodar sabulu ko maganin ƙwari, abin da ba ya shiga miya ba ya shiga aji. Ta zana layi da toka kewaye da murhu, ta ce babba kawai ke tsallakawa, ga bokitin rairayi a gefe. Na ga yaran ba sa wasa da maganarta.

Ta fara da zoɓo. An aro ƙananan kofunan gilas wurin mai shayi, an jiƙa zoɓo ya yi ja. Ta tambayi yara abin da zai faru in an ɗiga ruwan tsamiya, kowa ya faɗi nasa, har gardama ta tashi, sannan wata yarinya ta ɗiga. Ya ƙara ja, jawur. Aka ɗiga ruwan kanwa a wani kofin, ya juye ya yi duhu, baƙi-baƙi kore-kore. Ta ce masu tsami suna gida ɗaya, sunansu asid, su kanwa da toka suna ɗaya gidan, sunansu baz, zoɓo kuma shi ne ɗan rahoto, yana tona gidan da abu ya fito. Sai aka zuba ruwana na Dakoro a kofi, ruwan foraj a wani, aka ɗiga musu zoɓo. Nawa ya tsaya da ɗan jansa. Na foraj ya dushe, ya kama hanyar launin kofin kanwa. Yara suka yi ihu.

Tambara ta ce, "Wannan rufa-idon 'yan lakwal ne. Mu awara munka zo gani."

An riga an kai wakena inji an niƙo da kauri. Madam ta sa yara suka raba shi biyu daidai da gwangwani. Rabi aka dama da sauran ruwana, rabi da ruwan foraj, wanda Tambara ta je ta ɗebo da kanta don kada a ce an yi mata coge. Aka tace kowanne da ƙyallensa. Tambara ta ce ita ba za ta ɗora tukunya inda matar can ke gani ba. Madam ta ce madalla, aka kai mata murhunta bayan ajin siminti, inda ko hayaƙinta uwar Habsatu ba ta hangowa. Uwar Habsatun kuma aka kira ta ta tsaya a kan tawa.

Abu biyu suka ɓata mini rai. Na ɗaya, ni tunda nake ban taɓa auna tsami ba, idona ke faɗa mini. Madam ta ce a'a, ludayi ɗaya za a yi aiki da shi, ƙima ɗaya kowace tukunya, in ba haka ba ba a san abin da aka gwada ba. Ta bar ni na faɗi ƙimar, shi ke nan rabona. Na biyu, ni a bisa wuta nake zubawa, ita ta ce sai an sauke tukunya an fitar da ita waje da layin toka, domin yarinya ba za ta sunkuya kan wuta ba. A gaban mutane ɗiyar da na haifa tana gaya mini yadda ake awara. Na haɗiye.

Madara ta tafasa ta taso. Ni da matar ƙanena muka sauke. Habsatu ta matso da ludayi, ta cika shi har tsamin na zuba a ƙasa. Na ce mata, "Ke, tsaya da kyau. Kewaya baki-baki, a hankali, kada ki motsa ta kamar kunu." Ta zuba. Uwarta tana tsaye, idonta cikin tukunya.

Ba abin da ya faru. Fari fat. Na ji wata daga baya ta ce, "Kun gani ko." Ni dai ina kallon gefen tukunya, inda take fara nunawa. Sai na ga ta tsage siriri, ta sake tsagewa, farin ya fara tattaruwa gungu-gungu yana tasowa, ruwan ƙasa ya washe ya koma rawaya garau. Ta haɗu kamar yadda take haɗuwa a rumfata kowace safiya. Uwar Habsatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka ɗunguma bayan aji. Tambara ta zuba nata da hannunta, tsami ɗaya, ludayi ɗaya, ba wanda ya leƙa mata. Tukunyarta tana nan fara kamar nonon da aka tatso yanzu. Ta ce tsamin ne ba shi da ƙarfi. Matar ƙanena ta nuna mata tulun da aka ɗebo wa duka biyun.

Madam ba ta yi mata dariya ba, ta juya wurin yara ta ce to yanzu me za a yi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce kanwar da ke cikin ruwan ce ke cinye tsamin tun bai kai ga madara ba, sai an ƙoshar da ita tukuna. Aka mayar da tukunya ta yi zafi, aka sauke, aka dinga ƙara tsami ludayi-ludayi, ana dakatawa ana kallo, yara na rubutawa. Can ta haɗu, ba ta kai tawa kyau ba, amma ta haɗu. Madam ta ce wa matan su ci gaba da dafa wakensu da ruwan foraj, na awara kuwa su koma tsohuwar rijiya, ko su tari na sama in damina ta zo.

Na matse tawa da dutse, na yanka, na soya. Da na kwashe a faranti, sai na miƙa wa uwar Habsatu na ce ta zagaya da shi. Ta tsaya gaban Tambara. Tambara ta dubi farantin, ta dubi matar, ta sa hannu ta ɗauka, ta tauna a hankali.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji ta.

Awarata! Na buɗe baki, matar ƙanena ta taka mini ƙafa. Tambara ta ɗauki ta biyu, ta ce ba tare da ta kalli kowa ba, "Uwar Habsatu, gobe in za ki tsohuwar rijiya ki biyo mini, gugana ya fi naki igiya." Haƙurin da aka bayar ke nan, ba a ƙara ko kalma ba.

Washegari muna ɗaure kaya na hango Habsatu ta wuce da jakar lakwal. Madam ta ce uban ya zo da sassafe ya ce maganar tafiya a bar ta. Ta rako mu bakin mota, ta cika mini bidon da ruwan foraj wai in dafa wake. Ta tsaya tana jira ko zan ce wani abu. Na ce mata ta riƙa cin abinci, ta rame.

Direban nan dai muka samu. Ya ga bido ya ce, "Inna, wannan ma ba a taɓawa?" Na ce wannan in motarsa ta ji ƙishirwa ya ba ta duka. Ba ta ji ba, muka iso Dakoro lafiya kafin magariba, ƙafafuna sun kumbura, rumfata cike da kashin awaki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Har gobe ban ce babu baki ba. Na dai ce kafin a ja faifai a rufe ƙwarya don wata ta gitta, a fara ɗiga zoɓo cikin ruwa a gani. Na kuma ga ludayin awo ba ya rage wa mai sana'a komai, ko da yake ni ban koma amfani da shi ba.

Ranar kasuwa na sayi buhun zoɓo sabon tsinka, na zaɓi mai duhun ja, na haɗa da tsamiya da kanwa, na kai wa direban na ce ya sauke wa Madam ta kolej. Ya ce, "In ce daga wa? Akwai saƙon baki?"

Na ce, "Ka ce kaya ne. Ta san hannun da ya ɗaure."